Gwaggo da Sabuwar Fassara

Ranar da na isa unguwar Rusholme a Manchester zaman makoki, tun daga matakalar bene na fara jin waƙar matan zumuntar coci. Flat ɗin Gwaggo ɗaki biyu ne kawai, a hawa na biyu, bayan shagunan Wilmslow Road, amma ranar ya ɗauki mutanen da ban taɓa zaton zai ɗauka ba. Takalma sun cika bakin ƙofa har sun gangaro kan matakala. Na tsaya ina neman inda zan ajiye nawa, ƙafata ta ƙi shiga.

Maƙwabciyarta ce ta fara ganina, matar wani likita, Musulma, 'yar Katsina. Ta fito da fulas ɗin kunun gyaɗa a hannu, idanunta sun yi ja. Ta riƙe ni ta ce, "Sannu, sai haƙuri. Kin san duk azumi Mama ba ta soya albasa sai an sha ruwa? Wai kada ƙamshi ya shigo mini ya wahalar da ni. Ban taɓa roƙonta ba. Ita ta ga ya dace."

A falo, wani dattijon ikkilisiya da yake zaune kusa da taga ya girgiza kai ya ce, "To, yanzu sai mu riƙa karanta Littafi yadda muka ga dama. Mai tsayar da mu ta tafi." Aka yi dariya, dariyar da ba ta kai ƙarshe ba ta koma kuka. Jikokin Gwaggo suna ta kai da kawo da faranti, suna gaishe da baƙi da Turancinsu na Manchester. Yaya, ɗanta tilo, yana kicin yana wanke kofunan da an riga an wanke. Da na gaishe shi ya amsa bai juyo ba.

Shugabar zumuntar mata ta matsa ta ba ni wuri a gefenta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Sannu da hanya. Birmingham ta yi nisa, ko?"

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa. Ta sani, na sani, duk wanda yake ɗakin ya sani. Na sunkuyar da kai na ce, "Yauwa, Mama."

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Ina so a tuna da Gwaggo yadda take. Ba zan kuma iya faɗin yadda take ba in na ɓoye abin da na yi mata.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta goya shi, don shekara tara ta ba shi. A ƙauyenmu, can kudu da Kano, ba a sa ta makaranta ba. Sai da ta yi aure ta haifi Yaya sannan ta fara koyon karatu, a ajin matan aure da matar wani mai bishara take yi musu ranar Laraba a zauren coci. Babu wani littafin koyo sai Littafi Mai Tsarki. A cikinsa ta san baƙaƙe, da yatsa a kan layi, harafi bayan harafi. Har ta tsufa ba ta daina bin layi da yatsa ba. Gefen shafukan littafinta duk sun yi duhu saboda man kaɗanyar hannunta, kuma kullum a naɗe yake cikin wani tsohon ɗankwali.

Bayan rasuwar mijinta Yaya ya kawo ta Ingila renon 'ya'yansa. Ta ce wata shida za ta yi. Ta yi shekara fiye da talatin. Da jikoki suka girma ta nemi wurin kanta, council, wato hukumar garin, ta ba ta wannan flat ɗin. Ta ce ƙarar motocin bas ba ta damunta, shirun unguwar Yaya ne yake hana ta sukuni. Masu shagunan titin duk sun san ta. Takan ɗaga kuɓewa ta karya bakinta a gaban mai shago, in ba ta yi ƙara ba ta mayar ta ce masa da Hausa, "Wannan ta girme ni." Shi bai ji ba, amma ya gane.

A coci kuwa, layi na uku ne wurinta, kujerar bakin hanya. Duk wanda ya hau karatu ya san tana biye da shi. In ka tsallake kalma, ko ka haɗiye ƙarshen aya, sai ka ji muryarta, ba da faɗa ba, ba kuma da raɗa ba: "Sake karantawa." Fasto ma bai tsira ba. Wata rana wani baƙon mai wa'azi ya ji haushi, bayan sujada ya ce mata, "Mama, ai ma'anar ɗaya ce." Ta ce, "In ɗaya ce, me ya hana ka faɗi wadda aka rubuta?"

Lokacin da na zo karatun aikin jinya, a wurinta na sauka. Na yi wata takwas ina kwana a falonta. Ita ta koya mini sa safa biyu, ita ta raka ni wurin GP, likitan unguwa, ranar farko ko da yake Turancinta bai kai nawa ba. Da na sami aiki a babban asibitin da ke Edgbaston na koma Birmingham, na yi aure, sai ta riƙa aiko mini da kuka da daddawa duk lokacin da ta sami mai zuwa.

Alherin da ba zan manta ba shi ne na haihuwata ta fari. Yarinyar ta zo wata bakwai ba su cika ba, aka sa ta a kwalba. Ni da nake jinyar mutane, sai ga ni kwance ina kallon 'yata ta bayan gilashi, ban iya yi mata komai ba. Gwaggo ta hau coach, babbar motar dogon zango, ita kaɗai, karon farko a rayuwarta, ta zo. Kullum da hantsi takan zauna gefen gadona ta kwance ɗankwalin nan ta karanta mini. A kwana na uku na lura da wani abu. Wuraren da take karantawa na san su tun ina makarantar Lahadi, kuma na san da namiji littafin yake magana. Amma duk inda aka rubuta "ka" sai Gwaggo ta ce "ki." Inda aka ce "kai" sai ta ce "ke." Yatsanta yana kan layi, bakinta yana juya maganar ta fuskance ni. Na rufe ido na ji kamar ni kaɗai aka rubuta wa. Yarinyar ta rayu, muka sa mata sunan Gwaggo. Tun daga ranar ba ta kiranta da komai sai "takwara."

Takwarar nan ce ta girma ta zama mafarin rigimar, ba da niyyarta ba.

'Ya'yanmu na nan ba sa bin karatun Hausa sosai, shi ya sa a sujadarmu ake karatu sau biyu, da Hausa da Turanci. Wata Lahadi muna dawowa daga coci, 'yata tana da shekara goma sha shida a lokacin, ta ce mini daga kujerar baya, da Turancinta na Birmingham, wai kullum "brothers" ake cewa, kullum "man," kullum "sons." Ta ce in ta zauna tana ji sai ta ga kamar wasiƙar wani take leƙawa. Maganar ta tsaya mini a rai. A lokacin na ga yaran wasu sun daina zuwa coci ɗaya bayan ɗaya, ina tsoron kada tawa ta bi su. Ina cikin kwamitin cocinmu, don haka na kawo shawarar mu koma wata sabuwar fassarar Turanci, wadda take cewa "brothers and sisters" inda tsohuwar ta ce "brothers," take cewa "child" a wasu wuraren da tsohuwar ta ce "son." Fastonmu ya duba ya yarda. Muka fara amfani da ita, babu wanda ya yi ƙorafi.

Sai taron shekara ya zo, wanda ke haɗa jama'armu ta Birmingham da ta Manchester. A shekarar mu ne masu masauki. A unguwar Lozells ta Birmingham muka yi, a zauren wani tsohon coci da muke haya, mai sanyi ko da an kunna hita. Gwaggo ta zo tare da matan zumunta cikin anko, ta nemi layi na uku ta zauna. Aka ba 'yata karatun Turanci. Ta tashi da ƙarfin gwiwa ta fara, har ta kai inda aka ce "brothers and sisters."

"Sake karantawa."

Yarinyar ta ɗaga kai, ta dubi kakarta, ta sake. Abin da ta karanta da farko shi ta maimaita, don shi ne a gabanta. Gwaggo ta yi shekara talatin tana jin karatun Turanci a bakin jikokinta, ta san amonsa ko da ba ta san kowace kalma ba. Ta ce, "Takwara, ba haka yake ba. Wa ya ƙara?"

Fasto ya roƙi a bari sai bayan sujada. Bayan an ci abinci aka tara manya, aka buɗe maganar: in an haɗu, wace fassara za a riƙa karantawa?

Fastonmu ya yi bayani a natse. Ya ce ya karanci harshen da aka fara rubuta wasiƙun manzanni da shi, kuma kalmar da ke wurin tana iya ɗaukar maza da mata, kamar yadda "'yan'uwa" take a Hausa. Ya ce Turanci ne ya canza, yaran yanzu in sun ji "brothers" maza kaɗai suke gani. Saboda haka ba ƙari aka yi ba, ma'anar aka fito da ita.

Gwaggo ta miƙe, ta dafa kujerar gabanta. Ta ce, "Fasto, ni ban yi makaranta ba, ban san wancan harshe ba. Amma shekarata hamsin ina karanta dokoki, duk da 'ka' aka rubuta su. Ban taɓa cewa ai da maza ake, bari in je in saci akuyar maƙwabci ba." Zauren ya fashe da dariya. Ta jira aka yi shiru. "Na san da ni ake. Babu wanda ya buɗe mini ƙofa, a ciki na tarar da kaina. Tsorona shi ne, in muka fara gyara Littafi don kunnen yaranmu ya ji daɗi, ina za mu tsaya? Yau 'yan'uwa ne. Gobe wani zai ce kalmar Uba ta yi masa nauyi. Jibi a ce Ɗa. Wa zai ce ya isa? Ku koya wa yara su shiga cikin maganar. Kada ku sassaƙe maganar don ta shiga cikin yara."

Na ga kawuna suna gyaɗawa, har a cikin mutanenmu. Na waiga na hango 'yata a bakin ƙofa, ta rungume littafin a ƙirji, fuskarta kamar wadda aka kama da laifi. Raina ya ɓaci. Na tashi ba tare da an ba ni dama ba.

Na ce, "Gwaggo, ke da kanki kina canzawa. Lokacin da nake kwance a asibiti, ba ke kike karanta mini 'ki' inda aka rubuta 'ka' ba? Kwana nawa kina yi? In ke kin yi daidai ne, in wasu sun yi sun taɓa maganar Allah? Wannan ai fuska biyu ce."

Wata mata ta ce, "Kai!" a hankali. Mijina ya ja gefen zanena, na fizge.

Gwaggo ta dube ni. Babu fushi a fuskarta, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta ce, "Wancan bakina ne, 'yata, ba Littafin ba. Na karanta miki, na rufe shi, yana nan yadda yake, wanda zai buɗe bayana zai tarar da abin da na tarar." Sannan ta ce, "Abin da na yi miki a ɗaki kina kuka, shi kika kawo gaban jama'a ki kā da ni da shi?"

Ta zauna. Ta naɗe littafinta cikin ɗankwali, ta ɗora a cinya, ba ta ƙara cewa uffan ba. Aka ci gaba da magana, daga ƙarshe aka tsayar cewa kowane gari ya riƙe tasa, in an haɗu a bi ta masu masauki. Ni na ɗauka na yi nasara.

A mota mijina ya ce, "Ko da maganarki gaskiya ce, ba wurinta ba ne, ba kuma bakinki ya kamata ta fito ba." Na ce masa shi namiji ne, ba zai gane ba. 'Yata tana baya tana kuka. Ta ce ita ba ta ce a yi wa Kaka haka saboda ita ba.

Bayan wata biyu shugabar zumunta ta kira ni a waya. Ta ce, "Kin san gwaggonki ta daina gyara karatu? Ranar Lahadi wani ya tsallake layi guda cur, duk muka juya muna kallonta, ta yi kamar ba ta ji ba. Na tambaye ta, ta ce mai fuska biyu ba ta gyara wa kowa." Ta ce in zo in ba ta haƙuri. Na ce zan zo.

Ban je ba. Shekara biyu da rabi ban je ba. Nakan kira ta ranar Kirsimeti da Ista, mu gaisa, ina gajiya, ina sanyi, yaya yara, shi ke nan. Ita ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Kuka da daddawa ba su daina zuwa ba. Duk ƙullin da ya iso sai in ji kamar an ɗora mini dutse, in sa a kabad in rufe. Na riƙa gaya wa kaina aikin shift na asibiti ne ya yi yawa. Akwai ranar da aka tura mu wani horo a Manchester, bas ɗin da na hau ya bi ta Wilmslow Road, na hango labulen tagarta, kore mai furanni. Na sa hannu zan danna ƙararrawar sauka, sai na tuna zan fara da "na yi kuskure," na janye hannuna. A raina ina cewa, ai a kan fassarar ban yi kuskure ba. Na kasa raba abu biyu: abin da na faɗa a kai, da abin da na yi mata.

'Yata ce ta fi ni hankali. Da ta sami shiga jami'a a Manchester, ba ta yi shawara da ni ba ta fara zuwa wurin Gwaggo duk Laraba bayan lacca. A lokacin idon Gwaggo ya fara yanar da ta hana ta ganin ƙananan baƙaƙe. Sai ta sa takwararta ta riƙa karanta mata da Hausa, tana gyara mata lafazi, tana dariyar yadda take kiran "ƙ" da "ɗ." Yarinyar da ta tashi ba ta iya haɗa jimla biyu da Hausa ba, sai ga ta tana karanta sura guda. Sukan yi gardama a kan sabuwar fassarar, in ji ta, har shayi ya huce. Babu wadda ta ja wata zuwa ra'ayinta. Amma ko sau ɗaya ba su rabu da fushi ba.

Ita ce ta kira ni wata safiya ta ce, "Mum, ƙafafun Kaka sun kumbura, tana haki in ta hau bene. Ki zo." Na san abin da wannan yake nufi, aikina ne.

Na je ranar Asabar da rana. Tun daga tashar jirgi nake shirya kalmomin ban haƙuri, na jera su tsaf. Na tarar da ita a kujerarta kusa da hita, ta rame, ta lulluɓe ƙafa da bargo. Ta ce, "A'a, 'yar ƙanena ce? Shigo, shigo. Kin ci abinci?" Kamar jiya muka rabu. Maimakon in durƙusa in faɗi abin da ya kawo ni, sai na ɗauko kwalayen magungunanta ina dubawa, ina danna ƙafarta, ina tambayar yaushe GP ya gan ta. Ta bar ni na gama.

Sannan ta ce, "Zauna. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba."

Ta ce lokacin da kakanmu ya rasu, a al'adar gidanmu ta dā mace ba ta gadon gona. Aka tara maza aka raba. Mahaifina, wanda ta goya a bayanta, ya sami gonar bakin rafi da shanu biyu. Ita da ta yi noma a gonar nan tun tana yarinya, aka miƙo mata tukunyar uwarta, wadda ta riga ta tsage. Ba ta yi magana ba, tunda haka ake yi. A daminar nan ce take koyon karatu. Wata Laraba suka kai wurin da manzo yake gaya wa mai bi cewa shi ɗa ne yanzu, kuma magaji. Ta bi kalmar da yatsa sau uku. Ta tambayi matar mai bishara, "Har da ni?" Matar ta ce, "Har da ke."

"Ba 'ya aka ce ba," in ji Gwaggo. "Ɗa aka ce. Na san abin da 'ya take samu, na gani da idona, tukunya ce. Ni kuwa aka ce mini ɗa, mai rabo cikakke. Ranar na koma gida ina tafe ina dariya ni kaɗai, mutane suka ɗauka na taɓu. Sai takwara ta nuna mini a sabon littafinku an sa 'child' a wurin. 'Yata, ai ni ma child ce a gidan ubana. Me na samu?"

Da ƙyar na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki faɗi wannan a Lozells ba? Da kin faɗa, da kowa ya gane."

Ta ce, "In tsaya gaban jama'a in ce ubanki ya ci gona ya bar ni da tukunya? Yana kabari? Ke kuma kina zaune a wurin da mijinki da 'yarki? Ba laifinsa ba ne, yaro ne a lokacin. Amma mutane ba za su ji haka ba."

Ashe ranar da na tashi na tona abin da ta yi mini a ɓoye don in ci gardama, ita tana riƙe da hujjar da ta fi tawa ƙarfi, ta haɗiye ta don ta rufa wa mahaifina asiri, ta rufa mini.

Wannan ne lokacin da ya kamata in faɗi ƙasa in riƙe ƙafarta. Kunya ta hana ni. Kalmomin da na jera a jirgi duk suka yi mini ƙanƙanta, na ga in na faɗe su yanzu kamar raini ne. Na ce a raina bari in koma in natsu, in dawo in yi shi yadda ya kamata. Na gyara mata bargo, na rubuta abin da Yaya zai gaya wa GP ranar Litinin, na ce jirgina ƙarfe biyar ne. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ki gaida mai gidan." Na ce zan dawo Asabar mai zuwa.

Ranar Alhamis da safe Yaya ya kira. Maƙwabciyarta ce ta shiga kai mata kunu ta tarar da ita a kujera, ta riga ta tafi.

A Manchester aka binne ta, haka ta roƙa, kusa da jikokinta. Yaya ya ba takwararta karatun Turanci a jana'iza, ya ce ta zaɓi fassarar da take so. Ta ɗauki tsohuwar. Da muka fito ta ce mini, "Ban canza ra'ayi ba, Mum. Amma jana'izarta ce."

Ni ma, in gaskiya zan faɗa, ban canza gaba ɗaya ba. Har yanzu ina ganin "brothers and sisters" daidai ne, kuma na ga yaran da suka ɗaga kai suka saurara saboda shi. Amma na kai wa fastonmu labarin ɗa da magaji, ya ce bai taɓa kallon wurin ta wannan gefe ba, ya ce Mama ta ga abin da masu digiri suke gardama a kai. Yanzu in an zo wurin yakan tsaya ya bayyana wa yara abin da kalmar take ɗauke da shi a zamanin da 'ya'ya maza kaɗai suke gado. Da na tambaye ta tun farko, da na zauna a falonta na ce, Gwaggo, me kike tsoro a rasa, da ita da bakinta za ta koya musu.

Bayan sati biyu da jana'iza na sami Yaya a gidansa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba ni kika yi wa ba. Ni ba ni da abin da zan yafe." Bai faɗa da zafi ba. Gaskiya ce kawai.

Sai na ga tunda a gaban jama'a na yi, a gaban jama'a zan warware. Lahadin da ta biyo na je sujada a Manchester. Bayan an tashi na roƙi matan zumunta da dattawa su ɗan tsaya. Na miƙe na ce na kira Gwaggo mai fuska biyu a gabansu, kuma ƙarya na yi. Na ce fuskarta ɗaya ce: ta riƙe Littafi da tsoron Allah, ta riƙe ni da tausayi, ni ce na ɗauki tausayin na doke ta da shi. Na gaya musu labarin gonar da tukunyar, har da sunan wanda ya sami gonar, don ni 'yarsa ce, ni ya kamata in faɗa. Dattijon nan ya cire tabarau yana goge ido.

Shugabar zumunta ta ce, "Mun ji, 'yata. Allah ma ya ji. Zo ki zauna ki ci abinci."

Na zauna, aka zuba mini, na ci abin da na iya. Kowa ya ji, ban da wadda na yi shekara biyu da rabi ina da damar gaya mata.

Gwaggo, Ubangijin da ya kira ki ɗa ya ba ki rabonki cikakke, wanda babu mai raba shi da ke. Mu da kika bari, ya ba mu haƙuri, ya kuma buɗe mana baki tun masu jin mu suna da rai. Amin.